Tallafi suka ce mana, ashe bashi ne: wanne ya fi mana, kyauta ko rance?

Ɗan Auyo: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai abin da ya hana ni barci tun shekaranjiya, na ga gara in kawo shi nan tunda akwai manya da masu ilimi. Ranar Litinin aka tara mu a ƙofar gidan dagaci, wasu jami'ai suka zo da mota biyu, suka ce an kawo wa yankinmu shirin gyaran fadama da dashen itatuwa da injinan ban ruwa. Kalmar da suka yi ta nanatawa ita ce tallafi. Tallafin Bankin Duniya, tallafin Bankin Duniya. Dattawa suka yi ta sa albarka, liman ya yi addu'a, aka watse. Ni ne sakataren ƙungiyar manomanmu, don haka aka ba ni takardar in ajiye. Da dare na kunna fitilar waya ina karantawa, sai na ga a shafi na biyu an rubuta da Turanci cewa kuɗin rance ne. Bashi ne, za a biya. Babu wanda ya faɗi haka a wurin taron ko sau ɗaya.

Ba ƙin aikin nake yi ba, Allah ya sani muna buƙatarsa. Abin da ya dame ni shi ne mutanen da suka sa albarka ba su san a kan me suka sa ba. Sai kuma tambayar ta zo mini: da za a ba mu zaɓi, ƙasashen waje su ba mu kyauta ko su ba mu rance, wanne ya fi mana alheri? Don ni da nake ganin amsar a fili take, yanzu na fara kokwanto.

Maman Ummi: Wa alaikumus salam. Ƙanina ai wannan ba abin tambaya ba ne, kyauta mana. Wa zai bar kyauta ya ɗauki bashi?

Mai Gyaran Famfo: Hajiya, bari in ba ki labarin abin da na gani da idona, ba ji na yi ba. Na daɗe ina gyaran famfo tsakanin Kafin Hausa da Miga. Akwai wani ƙauye da wata ƙungiyar waje ta haƙa musu rijiyar burtsatse mai sola, kyauta. Tanki a sama, faifan sola takwas, kan famfo huɗu, ga allo an rubuta sunan ƙungiyar da lambar waya. Ranar buɗewa har da makaɗa. Shekara ɗaya da rabi sumo, injin da ke zuƙo ruwan daga ƙasa, ya ƙone. Mai unguwa ya kira lambar da ke jikin allon, ba ta shiga, ashe wa'adin shirin ya ƙare sun tattara sun tafi. Aka je wurin hukuma, suka ce ba su suka haƙa ba, ba ya cikin lissafinsu. Aka kira ni na duba na faɗi kuɗin sabon sumo, kowa ya sunkuyar da kai, don babu asusun da aka tanada. Daga nan aka fara kwance faifan sola ɗaya bayan ɗaya da dare. Watan jiya na bi ta wurin, awaki ne kwance a inuwar tankin, yara mata kuma sun koma ɗibar ruwa a kududdufi da jarkoki. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san abin da ruwan nan yake yi wa cikin yara. Abin da ba ka zuba masa ko kwabo ba, ba ka jin zafinsa.

Malamar Firamare: Malam, to duk rijiyoyin kyauta haka suke mutuwa?

Mai Gyaran Famfo: A'a Malama, gaskiya ba duka ba. Akwai wani gari da ba shi da nisa da wancan, su ma kyauta aka haƙa musu. Amma su mata ne suka kafa kwamiti, duk jarka akwai ɗan abin da ake sakawa a akwati, makulli biyu a hannun mutum biyu. In ta lalace da safe, kafin azahar sun kira ni, kuma kuɗina a hannu. Yau shekara shida tana aiki.

Malamar Firamare: To ka ga ba kyautar ce ta kashe ta farko ba, rashin mai ita ne. Da bashi aka haƙa ta ma haka za ta mutu, sai dai a ƙara da biyan kuɗin gawa.

Manomin Kura: Ku bari in shigo, don ni na ci moriyar bashi kuma ba na jin kunyar faɗa. Duk wanda ya san kanal ɗin Kadawa da Kura da Bunkure kafin gyara ya san halin da muka shiga. Ruwan madatsar Tiga yana nan tun 1974, amma hanyoyinsa sun cike da laka da ciyawa, ƙofofin sun lalace. Mu da gonakinmu ke can ƙarshen layi sai mu kwana a bakin kanal da tocila muna jiran na gaba su gama, wani lokaci har a kai ga dambe tsakanin mutanen da suke sallah a masallaci ɗaya. Shirin gyaran hanyoyin ban ruwa mai suna TRIMING da aka amince da shi a 2014, dala miliyan 495 ne daga Bankin Duniya, kuma bashi ne. Da shi aka gyara namu, aka yi na kwarin Hadejia wajen ku Ɗan Auyo, da na Bakolori da Dadin Kowa. Yanzu ruwa yana isowa gonata, ina biyan kuɗin ruwan ban gona ga ƙungiyar masu amfani da ruwa, ina noman rani hankali kwance. Ku faɗa mini wace ƙungiyar agaji ce za ta ba ku kyautar dala miliyan 495? Kyauta tana haƙa rijiya, tana raba gidan sauro, amma ba ta gina kanal. Babban aiki sai da bashi, kuma bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amurka ma da muke roƙo ana bin ta.

Baba Tsohon Akanta: Ɗana na Kura, maganarka tana kan hanya, amma ka tsaya a rabi. Na yi shekaru ina aikin lissafin gwamnati kafin in yi ritaya, bari in buɗe muku yadda abin yake.

Bankin Duniya yana da reshe da ake kira IDA, wanda aka kafa a 1960 don ƙasashe matalauta. Bashinsa yana da sauƙi, wannan gaskiya ne. Ga ƙasa irin tamu akan ba da shekara 25 zuwa 30 kafin a gama biya, shekara 5 na farko ba a taɓa uwar kuɗin, kuɗin ruwa da na hidima kuma ba su wuce wajen kashi 2 cikin 100 ba. In ka kwatanta da bankin kasuwa na nan gida da zai caje ka sama da kashi 20, sai ka ce ai wannan ƙanen kyauta ne. Amma akwai ƙugiya a ciki, kuma ita ce ba a faɗa a taron ƙofar dagaci. Ba da naira ake biya ba, da kuɗin waje ake biya. A 2014 dala tana wajen naira 160. Bayan da aka saki naira a watan Yunin 2023, kafin a yi nisa cikin 2024 dala ta haura naira 1,500. Ka ɗauki dala miliyan ɗaya kawai: ranar da aka ci ta naira miliyan 160 ce, ranar biya ta zama naira biliyan ɗaya da rabi. Bankin bai ƙara ko sisi ba, mu ne kuɗinmu ya zube. To kashi 2 ɗin nan da ake yi mana alfahari da shi ina ya tsaya?

Na biyu, jiha ba ta da ikon zuwa waje ta ci bashi da kanta. Gwamnatin tarayya ce ke sa hannu, ta miƙa wa jiha. In lokacin biya ya yi ba a jiran gwamna ya ga dama, daga kason wata-wata ake zarewa tun a Abuja kafin kuɗin ya iso Dutse ko Kano. Wannan kuɗin da aka zare shi ne albashin malama, shi ne maganin asibitin Maman Ummi. Gwamnan da ya ci bashin ya daɗe da sauka, don shekara 5 ɗin sassauci kaɗai ta wuce wa'adin mulki ɗaya.

Manomin Kura: Baba, Allah ya ƙara girma, amma ai shinkafar tawa ma ta tashi. Buhun shanshera da nake sayarwa a 2014 ba shi ne farashin yau ba. In dala ta hau, abin da kanal ɗin ke haifarwa ma ya hau.

Baba Tsohon Akanta: Ya hau a aljihunka, ɗana, kuma ina taya ka murna. Amma nawa ne daga ciki yake komawa baitulmalin da zai biya bashin? Kuɗin da kake ba ƙungiya na share kanal ne da gyaran ƙofa, ba ya zuwa hedkwatar Bankin Duniya a Washington. Kai ka ci riba, mai sayar da ƙosai a Gumel da ba ta taɓa ganin Kadawa ba tana cikin masu biya. Ban ce haramun ne ba, haka ƙasa take, wani ya ɗauki nauyin wani. Kuma in ka noma shinkafar da da sai an shigo da ita daga Tailan, ka rage wa ƙasa neman dala, wannan ma biya ne ta bayan gida. Shi ya sa in za a ci bashi, irin naka ne mai hujja. Wanda ke ci mini rai shi ne bashin da ke ƙarewa a taron bita a otal da motoci masu lamba ta musamman da alawus ɗin tafiye-tafiye. Shi ma da dala za a biya shi, daidai da naka.

Maman Ummi: Baba na ji, kuma na janye gaggawar da na yi da farko. Amma ku saurare ni, don ni a asibitin karkara nake, kuma abin da zan faɗa ya fi kanal kusa da rai. Rigakafin da muke yi wa jarirai, akwai hannun Gavi, ƙungiyar duniya mai tallafa wa rigakafi, a ciki. Gidan sauro da maganin zazzaɓi, akwai hannun Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da maleriya. Waɗannan kyauta ce, kuma da su yara da yawa suka rayu. Yaron da aka yi wa allurar ƙyanda ba zai kawo wa gwamnati haraji baɗi ba, to da me za a biya in bashi ne? Nan kam kyauta ta fi.

Sai dai na ɗanɗana ɗacinta. A watan Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da agajin da take bayarwa a duniya, daga baya ma aka rufe hukumar agajinta, USAID, gaba ɗaya. Ingila ita ma ta rage nata daga kashi 0.7 zuwa 0.5 cikin 100 na abin da ƙasar ke samu a shekara, a 2021, ta kuma ce za ta sake ragewa zuwa 0.3. Ba wanda ya yi shawara da mu, kuma ba mu da bakin magana, don kuɗinsu ne. Mu a wurinmu akwai ranar da muke raba abincin tamowa, ɗan ƙullin nan na gyaɗa da madara. Iyaye mata kan taho tun asuba, wasu a amalanke, wasu a ƙafa da goyo. Da kayan suka fara yankewa daga ƙungiyar da ke kawo mana, akwai ranar da na tsaya da awon hannu, na auna wata yarinya ya nuna ja, uwar tana kallon bakina, kwali kuma babu komai a ciki. Na rubuta mata takardar zuwa babban asibiti alhali na san ba ta da kuɗin mota. Na haɗa mata abin da ke jakata. Har yau ban san ko ta je ba, kuma ina tuna fuskarta.

Bashi ko ba komai akwai yarjejeniya, an sa hannu, ba a tashi da safe a ce an fasa. Kyauta kuwa zanen aro ce, ba ta rufe katara. Abin da nake so in ji shi ne me ya sa abincin yaranmu masu tamowa yake jiran wani ɗan siyasa a wata ƙasa. A Abuja aka zauna a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya. Gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Da Amurka ta janye, nan da nan majalisa ta samo dala miliyan 200 ta saka a kasafin 2025 don cike gurbi. Ashe akwai inda za a samo.

Malamar Firamare: Allah ya saka miki da alheri, Yaya. Allah ya raya yarinyar nan.

Ɗalibi a BUK: Amin. Iyayena ku ba ni dama in ƙara wani abu daga abin da muke karantawa. Tambayar Yaya Ɗan Auyo tana nuna kamar an ajiye mana faranti biyu an ce mu zaɓa. A gaskiya a wurin Bankin Duniya Najeriya ba ta da wannan zaɓin. Kyautar IDA ana ba ƙasashen da suka talauce ƙwarai kuma bashi ke neman durƙusar da su. Maƙwabciyarmu Nijar ta sha samun wani kaso a matsayin kyauta. Mu kuwa an sa mu a rukunin masu ɗan ƙarfi, saboda man fetur da girman tattalin arziki, don haka rance ake ba mu. Mutumin Maigatari a nan Najeriya da na Dungass a Nijar talaucinsu ɗaya, kasuwarsu ɗaya ranar Alhamis, amma a takarda ɗaya ɗan ƙasa mai arziki ne. Yanzu haka Najeriya tana cikin ƙasashe uku ko huɗu da IDA ta fi bi bashi a duniya.

Kuma muhawarar nan su ma masu bayarwar sun yi ta. A 2001 shugaban Amurka George Bush ya nemi a mayar da rabin abin da ake ba ƙasashe matalauta kyauta, musamman na ilimi da lafiya da ruwan sha. Ingila da wasu ƙasashen Turai suka ƙi, hujjarsu ita ce kuɗin da ake biya shi ake sake ba wasu, kamar adashe. In kowa ya kwasa bai zuba ba, adashen ya mutu.

Akwai kuma hanya ta uku da aka gwada a kanmu ta yi aiki. A 2014 Japan ta ba Najeriya rancen kimanin dala miliyan 76 don rigakafin shan inna, da sharaɗin in an kai ga yaran da aka ƙayyade, Gidauniyar Gates za ta biya a madadinmu. Aka cika sharaɗin, gidauniyar ta ɗauki bashin, a watan Agustan 2020 kuma aka tabbatar cutar ta daji ta ƙare a ƙasar nan. Ka yi aiki ya zama kyauta, ka yi sakaci ya zauna a wuyanka.

Malamar Firamare: Wannan ya tuna mini da namu. Kuɗin AGILE, shirin Bankin Duniya na ilimin 'yan mata, da aka tura wa kwamitocin makarantun 'yan mata a Kano aka gyara azuzuwa da banɗakuna, mu a makaranta kyauta muka ɗauke shi, don ba wanda ya ce mu mayar. Daga baya na ji dala miliyan 500 ce ta bashi da aka amince da ita a 2020. Aikin ya yi kyau, yara sun samu inda za su zauna. Amma yaran da ke zaune a kan bencin su ne za su biya in sun girma, ya kamata a ce iyayensu sun sani.

Malam Na'ibi: Assalamu alaikum. Tun ɗazu ina karantawa ban sa baki ba. Abu biyu zan faɗa. Na farko, kuɗin ruwa kuɗin ruwa ne, ko kashi 2 ko kashi 20, ƙanƙantarsa ba ta canza masa suna. Malamai suna da maganganu a kan larurar da kan sami hukuma, ba a nan za mu warware ta ba, amma inda akwai hanyar da babu shi, ita ya kamata a fara nema. Gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk, takardun tara kuɗi na tsarin Musulunci, na naira biliyan 100 a 2017 aka yi tituna da shi, kuma kowa ya ga allunan a bakin hanya.

Na biyu shi ne ya fi damuna. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka. Aka ce a rubuta, a sa shaidu, a faɗi wa'adi. Kuma aka ce wanda bashin yake kansa shi ne zai yi shiftar abin da za a rubuta. Ku duba wannan da kyau. Ba mai bayarwa ba, ba marubuci ba, wanda zai biya. To a wannan bashin da Ɗan Auyo ya gani a shafi na biyu, wa zai biya? Mu ne da 'ya'yanmu. An rubuta da harshen da dattawanmu ba sa ji, aka kira shi da wani suna, aka sa su yin addu'a. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an kawo masa gawar wanda ake bi bashi ya dakata da yi masa sallah har sai da wani sahabi ya ɗauki nauyin biya. Abin da yake da wannan nauyin ba a ɓoye wa mutum shi.

Manomin Kura: Allah gafarta Malam, to shirin noma da kiwo na Kano da Bankin Musulunci ya ba da kuɗinsa fa? Shi ai babu kuɗin ruwa.

Ɗalibi a BUK: Haka ne, kimanin dala miliyan 95 ne, kuma an gauraya shi da wani kaso na kyauta daga wani asusu da Saudiyya da Qatar da Daular Larabawa da Gidauniyar Gates suke zuba wa kuɗi. Tsarinsa na ciniki ne irin na Musulunci.

Baba Tsohon Akanta: Ya tsira daga matsalar Malam, bai tsira daga tawa ba. Shi ma biya za a yi, kuma ba da naira ba.

Ku yara ba ku ga 1985 ba. Ni na gani. Babangida ya buɗe muhawara a kan ko a karɓi bashin IMF, asusun ba da lamuni na duniya, a rediyo, a jarida, a tashar mota, kowa yana magana. Jama'a suka ce ba sa so, a watan Disamba ya ce an fasa. Muka yi murna. A 1986 sai ga SAP, shirin tsuke bakin aljihu, sharuɗɗan da muka gudu su ne suka shigo ta taga. Naira da ke kafaɗa da kafaɗa da dala ta koma wajen huɗu a dala ɗaya cikin ɗan lokaci, albashina ya zama ba ya kai tsakiyar wata. Bashin da aka ci a shekarun da man fetur ke tsada aka kasa biya, tara da kuɗin ruwa suka yi ta hawa har abin da Paris Club, ƙungiyar ƙasashe masu ba da bashi, ke bin mu ya kai dala biliyan 30. Sai a 2005, lokacin Obasanjo da Ngozi Okonjo-Iweala, aka yafe biliyan 18, muka biya kimanin biliyan 12. Ranar na yi zaton jikokina ba za su san wannan wahalar ba. Yau ga shi ana bin mu fiye da na wancan lokacin.

Dillalin Shinkafa: Baba ku yi haƙuri, amma mu ma mu faɗa wa kanmu gaskiya. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da aka kawo bashin manoma na Anchor Borrowers da Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a 2015, mutum nawa ne suka biya? Na san waɗanda suka karɓi taki da injin feshi suka sayar a kasuwa ranar, suna cewa rabonsu ne na arzikin ƙasa. Wasu aure suka ƙara. In jami'i ya zo ya ce bashi ne, rabin mutane za su gudu, rabin kuma su karɓa da niyyar ba za su biya ba. Wataƙila shi ya sa suke cewa tallafi.

Manomin Ringim: Alhaji kada ka haɗa mu duka a kwando ɗaya. Ni na karɓa, na shuka, shinkafa ta yi kyau har ta fara fitar da kai. Ambaliyar 2020 ta zo cikin dare, da safe da kwalekwale na je gonar, ko ganye ban gani ba. Duk da haka na sayar da sa ɗaya daga cikin shanun huɗata na biya, don ba na son in mutu da haƙƙin wani. Damina ta gaba da sa ɗaya da na aro na yi huɗa. Ba kowa ne macuci ba.

Dillalin Shinkafa: Ka yafe ni ɗan'uwa, ban yi nufin irinku ba. Allah ya mayar maka da alheri.

Baba Tsohon Akanta: Abin da ya sami ɗana na Ringim shi ne ke samun ƙasa. Ambaliyar ƙasa ita ce faɗuwar farashin mai, kamar ta 2015 da ta 2020. Bashi bai san ambaliya ba, ranar biya ranar biya ce. Sai a sayar da san huɗa, wato a rage wa makaranta da asibiti. Shi ya sa nake cewa abin da ba ya haifar da kuɗi, a nemi kyauta ko a yi da namu. Abin da ke haifarwa, a ci bashi amma a ƙirga har da ranar da ruwa zai ci gona.

Alhaji kuma, hujjarka ta cewa mutane za su gudu ba ta halatta a ɓoye musu. Wannan ma ba irin bashin da za a bi manomi gida-gida ba ne, na gwamnati ne. Amma mutumin da ya san da kason jiharsa za a biya injin nan, ba zai bari ɗan wani ya kai shi kasuwa yana kallo ba.

Maman Ummi: Kuma a tambaye su wa zai gyara in ya lalace bayan sun tafi. Kada a maimaita labarin rijiyar awaki.

Ɗan Auyo: Na gode ƙwarai iyayena da yayyena, na samu fiye da abin da na zo nema. Ni dai inda na tsaya, aikin nan muna so, ko da bashi ne, don fadamarmu kachala ta cinye rabinta kuma matasa suna ta tafiya ci-rani. Amma ba zan sake rubuta kalmar tallafi a littafin ƙungiya ba. Ranar Alhamis za su dawo karɓar sunaye. Ina so in karanta shafi na biyu da Hausa a gaban kowa, in tambaye su nawa ne kason jiharmu a ciki, shekara nawa za a yi ana biya, nawa ne zai iso fadama nawa ne zai tsaya a ofis, sannan in yi tambayar Maman Ummi. Tsorona ɗaya, kada a ce na kunyata dagaci a gaban baƙi, ko a cire sunan garinmu a kai wani wuri.

Malam Na'ibi: Kada ka bari sai ranar. Ka je wurin dagaci yau bayan isha'i, kai da shugaban ƙungiyarku, ka karanta masa a zaure ku uku. In ya ji daga bakinka tun da wuri, shi da kansa zai yi tambayar ranar Alhamis, kuma tasa ta fi taka nauyi a kunnensu.

Baba Tsohon Akanta: Ba za su cire ku don kun yi tambaya ba, su ma akwai waɗanda ke duba aikinsu, kuma sauraron jama'a yana cikin sharuɗɗan irin wannan shiri. Ka ɗauki hoton shafukan duka ka turo mini, in duba in fassara maka wuraren da suka yi nauyi. In Allah ya kai mu kuma ƙafata ta bar ni, zan zo da kaina.

Malamar Firamare: A sa taron bayan la'asar don Allah, ba da hantsi ba. Matan da ke noman rani a fadamar nan ba su da yawa a taron Litinin, suna gida suna girki.

Ɗan Auyo: Zan faɗa wa dagaci wannan ma. Baba ga hotunan nan tafe, shafi na huɗu ya ɗan yi duhu, in bai karantu ba in sake ɗauka da safe. Ranar Alhamis zan turo ƙanina da babur ya ɗauko ka daga bakin titi.